Iyakokin Gamba

"To, wanga gari naki, mi aka kiransa?" in ji Kaka Gwadabe, yana gyaran ƙotar kalme.

"Warso, Kaka. A ƙasar Folan. Sojan Jamus sun rushe shi a yaƙin duniya na biyu. Da mutanensa suka dawo, tsofaffin zane-zanen garin suka duba, suka mai da shi titi bayan titi."

Zakiyya malamar tarihi ce a Sabon Birni. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke bayan Gatawa. Bana an fara zancen komawa, sai dai wuta ta cinye gambar da ke raba gona da gona, kuma kakanta ne kaɗai ya rage cikin dattawan da suka shuka ta. In ya yi shiru, 'yan'uwa za su koma su tarar da rigima.

"Jiya Bagadaza, shekaranjiya Tumbutu," ya ce. "Ke dai ba ki gajiya da garuruwan da anka ƙone. Babu mai komawa, 'yar nan."

"Kakanninka fa? Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, sunka watse, sunka dawo sunka gina Sabon Birnin nan inda kake zaune."

"Su maza ne. Ni tsoho."

Hawaye ya cika mata ido. Ta shimfiɗa takarda bisa tabarma ta fara zana ƙauyen da kanta, yadda zuciyarta ta riƙe shi: rijiya, masallaci, tsamiyar da suke tsinka suna yara. Ta ja layi ta zagaye tsamiyar, ta rubuta sunan maƙwabcinsu Jabir a ciki.

Kalmen ya tsaya a hannun tsohon.

"Wa ya ba Jabir tsamiya?"

"Ba tasa ba ce?"

"Inuwarta kaɗai yake sha! Gonatai daga gidan tururuwa ta tashi, taki arba'in yamma. Haka za ki haɗa mutane faɗa da karatunki na Folan?"

Ya matso, ya ɗora yatsa bisa takardar. Yatsan bai ɓata hanya ba. Ya kira gona goma sha ɗaya da masu su, rayayyu da matattu, kafin ya tsaya.

"Wagga takarda ta yi ƙarama. Sayo babba. Gobe za ni garin Isa wurin masu gonakin arewa da sunka yi gudun hijira can, mu zana su gaban idonsu, kowa ya sa hannu."