Kunnen Surukin Tatay Pronyo

Ranar da Rodel Ilagan ya sauko daga jirgin ruwa ya iso Lipa, bai ko gama kwance jakarsa ba surukinsa ya aiko a kira shi. Ba wata tafiya ba ce, duk tsakar gida ɗaya ce: gidan surukin nasa Tatay Pronyo, wato Baba Pronyo, a gaba, na ɗansa Gardo a gefe, sai ɗan ginin da aka yanka wa Rodel da matarsa Divina can baya, gindin bishiyoyin kofi. Ƙofar fita guda ce, kuma dole ka bi ta gaban barandar tsohon.

Ya tarar an ture kwanukan lomi, miyar taliyar garin, gefe, an baje kaya a kan teburin cin abinci.

"Zo nan, ɗan ruwa," in ji Tatay Pronyo. "Ɗaga riga."

Tsohon ɗan sanda ne, kuma tun da ya ajiye aiki ya buɗe ɗan shago a bakin filin harbi na kulob ɗinsu. Da hannunsa ya zura wa Rodel ɗamara ta ciki a madaukan wando, ya manna mai tauri a kanta, ya ja har Rodel ya ji numfashinsa ya tsaya. Ya ɗora kube a ƙugun dama, ya jera aljihunan gidan harsashi a hagu, ya ja da baya yana kallo kamar tela.

"Tumbin nan fa?" in ji Gardo daga bakin ƙofa, shi da ke kiransa Bayaw, wato mijin ƙanwa. "Bayaw, a jirgin naku aiki kuke yi ko biki?"

"Bar shi, zai zube," in ji tsohon. "Ga tabarau. Ga takalmi mai haƙora, filin nan in an yi ruwa santsi gare shi. Lasisinka ya fito tun kana teku, bindigar tana akwatina. Wannan kuma, sa ka ji."

Abin rufe kunne ne mai batir, irin wanda ke danne ƙarar harbi amma ya bar maganar mutane ta shigo. Rodel ya sa. Ya ga bakin Gardo yana motsi ta hagunsa, ya juya kai don maganar ta faɗa kunnen dama.

"Na gode, Tatay," ya ce.

Me zai ce in ba haka ba? A gidan nan kowa maharbi ne. Divina ma kafin ta haihu ta ciyo kofuna, suna nan jere a saman kabad ɗin uban. Shi kaɗai ne ake gabatarwa da "mijin Divina, yana jirgi." A jirgi kuwa injiniya ne, in ya ce a kashe injin kashewa ake yi, babu mai tambayarsa ɗan wane ne. Nan ne kaɗai yake jin shi mutum ne mai cin gashin kansa.

Sai dai ɗakin injin ya ci masa kunne. Na hagu ya daɗe da zama kamar an cusa auduga, na dama kuma wani gyare ya tare a ciki, ba ya shiru dare da rana. Likitan kamfani a Manila ya gaya masa a fili: bana ya sa masa hannu, amma in jinsa ya ƙara sauka kafin gwaji na gaba, ba zai sake sa wa ba. Ya nisanci duk wata ƙara. Rodel bai faɗa wa kowa ba, har Divina. Ya san abin da zai biyo baya, don tsohon ya sha cewa shago na bukatar mutumin gida.

Aka fara atisaye. Da safe a tsakar gida, bindiga ba harsashi, ya zaro daga kube ya mayar, ya zaro ya mayar, Tatay Pronyo na zaune da kofin barako, baƙin kofin yankin, yana gyara masa gwiwar hannu da sandarsa. Wannan bai dame shi ba. Ranar Asabar ce ke ɗaga masa hankali, don ranar ake zuwa fili, kuma harbin farko da ya yi sai da gyaren kunnensa ya koma kamar ana goga ƙarfe, ya kwana ya wuni a haka.

Ya gwada zamewa. Ya ce bayansa na ciwo, Divina ta kawo mai tausa har gida. Ya ce zai je birnin Batangas ganin mahaifiyarsa, tsohon ya ce madalla, akwai fili mai kyau a hanya, sai su biya. Daga ƙarshe ya shiga kantin magani ya sayi 'yan toshiyar kunne na soso. In sun isa fili sai ya shiga bayi, ya murza su ya tura can ciki, ya ɗora abin rufe kunnen a sama ya kashe batirin. Duniya ta yi tsit. Harbi ya koma kamar ana buga katifa a wani gida. Magana kuwa sai dai ya karanta a leɓe, ya gyaɗa kai, ya yi dariya in ya ga ana dariya.

Abin haushi, hannunsa ya yi kyau. Mutumin da ya saba ɗaure noti jirgi na tangaɗi ba ya rawar hannu. Farantan ƙarfe suka riƙa faɗuwa.

"Kun gani?" Tatay Pronyo ke gaya wa abokansa. "Na ce muku jinin gidana ne, ko da ta aure ya shigo."

"Sai dai girman kai," in ji Gardo. "Ka yi masa magana a fili, ko waiwaye."

Gasar kulob ta zo ranar wata Lahadi, bayan an fito daga coci. An kafa rumfuna, mata na sayar da abinci, ƙasa ta jiƙe da ruwan daren jiya. Divina ta zo da jaririyarsu amma ta tsaya can nesa wajen motoci. Alkalin rukuninsu Mang Selmo ne, wani siririn dattijo wanda ba ya wasa da doka. Shi ke tsayawa bayan maharbi da ɗan agogon da ke yin ƙara a fara, kuma in ya ce "Tsaya!" ko kana tsakiyar harbi sai ka daskare.

Rodel ya wuce zangon farko da na biyu lafiya. Ya koyi dabara: Mang Selmo kan kawo agogon kusa da kunnen dama, ƙarar na ratsowa siririya kamar kukan sauro, sai ya zaro. A zango na uku akwai gudu. Ya harbe allunan farko, ya sheƙa ya kewaye katangar katako, ya sauya gidan harsashi yana gudu kamar yadda aka koya masa, ya leƙa ta taga ya ja kunama.

Bindigar ba ta motsa a hannunsa yadda ta saba ba. Ya ɗauka ta cije ne. Ya ja samanta ya saki, sabon harsashi ya hau, ya sake ɗagawa, yatsansa ya koma kan kunama.

Sai ya ji an damƙe masa wuyan hannu da ƙarfi har ƙashi, an danna shi ƙasa. Mang Selmo ne, fuskarsa dab da tasa, jijiyoyin wuya sun tashi, baki a buɗe. A bayansa mutane duk sun miƙe tsaye, wasu hannu a ka. Gardo ya tsallako igiya.

Dattijon ya karɓi bindigar ya sauke ta, ya zura siririn ƙarfe ta bakinta. Ƙarfen ya tsaya a rabi. Harsashin da Rodel ya harba ba shi da isasshen albarushi, ya yi ɗan "fut" ya maƙale a cikin bututu. Da na biyun ya bi shi, da bindigar ta tarwatse a hannunsa. Kowa a wajen ya ji wannan "fut" ɗin. Kowa ya ji Mang Selmo na kwarma "Tsaya!" har muryarsa ta dushe.

Mang Selmo ya cire masa abin rufe kunne. Ya ga soso mai ruwan lemo a ciki, ya duba batirin, ya dube shi.

"Kai, ɗana," ya ce, "kana so ka kashe ni ne ko kanka?"

Rodel ya zaro soson. Ƙarar fili ta faɗo masa gaba ɗaya.

"Bayaw!" Gardo ne ta hagunsa. "Bayaw, da kai nake!"

Bai ji ba. Sai da ya ga idanun mutane na kallon gefensa sannan ya juya. Tatay Pronyo na tsaye, ya dogara da sanda, ya ga komai.

Suka shiga mota suka kama hanya. Da suka isa gida Divina ta shige ɗaki, ya bi ta.

"Tun yaushe?" ta ce.

Ya gaya mata, har maganar likita.

"Ni ina ta cewa ka daina saurarona ne. Ina ta zargin ko wata ce a can." Ta share ido da bayan hannu. "Ka bar Tatay yana kai ka cikin ƙara duk mako? Bakinka ciwo yake yi?"

"Da na faɗa, kin san abin da zai ce."

"To me? Laifi ne ka zauna da 'yarka? Ba ta ma san fuskarka ba."

Ya san gaskiya ta faɗa.

Da yamma aka kira shi baranda. Ya tafi yana shirin shan faɗa, har yana fatan a yi, a ce ya kunyata gida, a karɓe kayan. Ya ɗauko ɗamarar da kuben ya ajiye a gaban tsohon.

Tatay Pronyo ya jawo kujera ya zauna ta daman Rodel, ya zuba masa kofi da kansa. Da zai yi magana sai ya ɗaga murya, yana rarrabe kalmomi kamar mai magana da ƙaramin yaro.

"Laifina ne, ɗana. Da na lura. Jirgin nan ya cuce ka, kuma ba za ka koma ya ƙarasa ka ba. Na yi magana da Divina."

"Tatay, ai ba a yi gwajin ba tukuna. Wataƙila in na huta..."

"Wane gwaji? Su ci moriyarka su yar da kai? Shago na nan. Gardo ba ya iya zama wuri ɗaya, ni kuma ƙafa ta ƙi. Gobe sai ka karɓi makulli."

Rodel ya dubi ƙofar gida. An riga an rufe ta, karen tsohon na kwance a gindinta.

"Harbin kuma," ya ce a hankali, "tunda ba na jin alkali, ina ganin sai haƙuri."

"A'a, wannan an gama shi." Tsohon ya yi murmushi, ya turo masa ɗamarar. "Na kira Selmo. Doka ta yarda: wanda ba ya ji, alkali kan taɓa kafaɗarsa ya fara, ya dafa shi ya tsaya. Toshe kunnenka yadda kake so, ko da siminti ne. Hannu irin naka ba a barinsa ya lalace. Akwai gasa a Tanauan wata mai zuwa, na sa sunanka."

Gardo ya leƙo ta taga, ya zagayo ta dama, ya yi ihu cikin raha: "Bayaw! Yanzu kana ji na?"

"Ina ji, Kuya," in ji Rodel, wato Yaya.

Ya shanye kofin duk da ya yi sanyi. Ya ɗauki ɗamarar ya rataya a kafaɗa, ya bi ta gefen gidan Gardo ya koma baya.