Siron Inna Maimuna

A Tamaske duk wanda ya gaji, an gama yanke masa hukunci: jini ne ya yi masa kaɗan. Mai jego, ɗan ci-ranin da ya dawo daga Abijan, tsohon da rana ta buga, magani ɗaya ake saya musu, wato siron ƙarin jini, baƙi ƙirin mai ɗanɗanon tsatsa. Ba a taɓa jin wanda ya tambaya ko jinin yana bukatar ƙarin ba.

Isufu, mijin Balki, manomin albasa ne a fadama. Tun bara gajiya ta kama shi ta ƙi saki. Gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura har ɗinke bakin buhu ya gagare shi, fatarsa ta dushe ta koma launin toka. Balki ta san wannan launi. Ta gan shi a jikin Ɗahiru, wan Isufu, kafin cikinsa ya kumbura, kafin a fita da shi a makara.

Ita ta matsa har suka tafi asibitin Keita. Lokotoron, wato likitar, mace ce mai ƙarancin magana. Ta danna ƙasan haƙarƙarin Isufu, ta tambayi yadda wansa ya rasu, ta daɗe tana kallon yatsunsa.

"Ban ce shi ne ba, zato nake," in ji ta. "Akwai ciwon da ake gado, jiki ya yi ta tara ƙarfen da ke cikin abinci ba ya zubarwa, har ya cinye hanta. Sai an ɗebi jini an aika Yamai a auna. Yana shan wani magani?"

Balki ta faɗi sunan siron. Lokotoro ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi.

"Ai wannan ƙarfe ne zalla. Ya bar shi yau. In ya kwana biyu da bari, ku dawo da safe, bai ci kome ba."

"In kuma shi ne?" Isufu ya tambaya.

"Sai mu riƙa rage maka jini."

Isufu ya yi dariya, ya ɗauka wasa take.

Barin siron kuwa ba a hannun Balki yake ba, don kwalbar tana ɗakin uwar mijinta, Inna Maimuna. Kullum bayan sallar asuba tsohuwar za ta fito da kwalba da cokali ta tsaya a ƙofarsu, Isufu da furfurarsa a gemu ya buɗe baki kamar ɗan yaye. Ɗahiru ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa fara'a a gaban mutane ba, ko da yana jinya kunya ba ta bar ta ta zauna a ɗakinsa ba. Abin da ta iya shi ne ta sayar da awakinta, ta yi ta aika masa siro, kwalba bayan kwalba. Da ya rasu sai ta ƙudurta a ranta cewa makara ta yi wajen farawa. Na Isufu ta fara da wuri, ta kuma ninka cokali.

"Baban Samira, ka gaya mata mana," Balki ta ce wa mijinta a hanyar gida daga asibiti.

"In ce mata mi? In ce da hannunta ta ba wancan abin da ya ƙarasa shi?"

"To ka ƙi sha."

"Ke kin taɓa ganin na ƙi abin da ta miƙo? Cokali ne hwa, Balki, ba bindiga ba."

Balki ta gwada dabara. Ta faki idon tsohuwar ta zubar da siron, ta cika kwalbar da zoɓo mai kauri. Da safe Inna ta lasa, ta dubi kazar da ke tsakar gida ta ce mata, "Gidan ga an yi ɓera mai hannu." Ta sayo sabuwa, ta ɗaure a bakin zanenta.

Suka koma Keita duk da haka. Lokotoro ta tambayi Isufu ko ya bari, ya sunkuyar da kai. Ta ce awon ba zai faɗi gaskiya ba, su tafi su dawo, ta ƙara da cewa hantar ba za ta jira su gama kunyarsu ba.

Wata safiya Balki ta ga farin idonsa ya soma yin rawaya. Ta ji takun Inna a ƙofa, ta ji ƙarar murfin kwalba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da tsohuwar ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba. Ta fito babu ko mayafi, ta riƙe wuyan hannun da ke ɗauke da cokalin.

"Sake ni, 'yan nan."

"Inna, lokotoro ta ce wanga shi ke ƙara mishi ciwo."

"Wadda za ta tatse mishi jini? Mutum ya bushe kamar kara, a zo a ɗiba? Ke a gidanku haka anka koya miki riƙe hannun manya?"

"Ki dube shi, Inna. Kin san launin ga. Yaya Ɗahiru ai ya sha, ya sha har ya daina iya haɗiya."

Isufu ya zauna a kan turmi ya rufe fuska. Cokalin ya karkace a hannun tsohuwar, siron ya zubo ya bi ta yatsun Balki.

"Ke kin ce ni ce?"

Amsar da ake bayarwa a nan kowa ya san ta: kwanansa ne ya ƙare. Balki ta san in ta faɗe ta, gobe cokalin zai dawo.

"Ban sani ba, Inna. Don a sani za a auna."

Tsohuwar ta zare hannunta ta shige ɗaki. Cokali bai sake fitowa ba. Gaisuwar Balki ma ba ta sake samun amsa ba, tuwon da ta kai ƙofa haka yake dawowa a rufe. Mata a bakin rijiya suka ji labari, suka ce wata sai ta raba ɗa da uwa hankalinta zai kwanta.

Da lokacin ya cika, kabu-kabu ya kai su Keita da ciki wayam. Aka ɗaure damtsen Isufu, aka cika ƙananan kwalabe da jininsa, aka ce su saurari kira in sakamako ya dawo. Balki ta tambaya ko ba su makara ba. Lokotoro ta ce ba za ta yi mata alkawarin abin da ba ta gani ba.

Sun tarar da Inna a ƙofar ɗakinta tana tsince gero, ta ba su baya.

"An ɗiba?" ta tambayi ɗanta.

"An ɗiba, Inna."

"Sunka ce mi?"

"Sai ya dawo daga Yamai."

Ta ci gaba da tsintar, har Balki ta zaci magana ta ƙare.

"Ka kira ƙanwarka Mansura a Buza," in ji tsohuwar, ba ta juyo ba. "Ka ce mata kwalbar da na aika ran kasuwa, kada ta buɗe."