Karyar da Aka Kai Ajiya Gidan Biji Satwant

Duk layinmu a Ludhiyana mun san dabarar Balkar mai kiwon karnukan sayarwa. Lasisinsa na iyaye huɗu ne, amma karnukan da ke keji a saman gidansa, Allah kaɗai ya san adadinsu. Da ya ji ƙishin-ƙishin za a zo dubawa, sai ya rarraba sauran a gidajen maƙwabta, kowa da kwalin alewar madara na toshiyar baki.

Wannan karon Biji Satwant, tsohuwar da muke katanga ɗaya, ya kai wa wata karya. Ina zaune muna tsinkar ganye. Wayyo, 'ya'yana! Tafukanta duk wayar keji ta tsattsaga, nonuwa na jan ƙasa. Ga tsakar gida fetal, amma baiwar Allah sai zagaye take a wuri guda, daidai faɗin kejinta.

"Balkar, haihuwarta nawa?" in ji Biji.

"Haba Biji, wa ke ƙirgawa? Gobe zan ɗauke ta, lokacin barbararta ya yi."

"Sunanta fa?"

"Ta takwas."

Ganyen hannun Biji ya sha murza.

Washegari, da likitar dabbobi ta hukuma ta sauko daga saman Balkar, sai ta tarar Biji ta wangale ƙofarta, karyar na zagayen nan nata.

"Wannan ta wace ce?"

Balkar ya yi caraf: "Ta Biji ce, ranki ya daɗe! Tun tana 'yar kwikwiya. Babu ruwana da ita."

"Ɗaga murya, ɗan nan, kunnena ya tsufa," in ji Biji.

Ya maimaita, duk layi na ji. Likitar ta yi wa Biji faɗan sakaci tas, Biji ta shanye.

Da yamma ga shi da sarƙa. Biji ta tare ƙofa da muciya.

"Na zo karɓar ajiyata."

"Wace ajiya, marar kunya? Da bakinka ka ce tawa ce! Ka mai da uwa injin buga kuɗi, ni kuma na sha zagin cutarka. Taɓa ta, in kira likitar nan in zaga da ita gida-gida!"

"Biji, jarina ne fa!"

Kwalin alewarsa ta jefa masa a ƙirji, ta banko ƙofa.

Har yau karyar takan yi zagayen nan in ta ji ƙarar sarƙa. Duk sanda ta yi, sai Biji ta ɗaga kai saman Balkar ta sabunta tsinuwa.