Ɗigo na Biyar

Alhaji Falalu mutum ne da ba a gyara masa zance. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da kemistiri, har gobe in ya shiga asibiti sai wani likita ya rusuna ya ce, "Malam, ka gane ni?" To, shi 'yarsa Nabiha ta bar wa amanar tankin gilashinta da aiki ya kai ta Legas.

Tankin fa ba na wasa ba ne. Ya cinye rabin bangon falon gidansu a Nassarawa GRA, cike da ruwan gishiri irin na teku, da 'yan kifaye, da murjani mai rai, wani mai rassa, wani kamar kabeji. Murjanin da sinadaran cikin ruwa yake gina jikinsa, musamman wanda Alhaji ke kira kanwar ruwa. Kullum shanye ta yake, saboda haka sai an auna an ƙara. Awon kuwa ba wuya: a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a riƙa ɗiga magani ana ƙirgawa, har shuɗin ruwan ya koma rawaya. Ɗigo takwas, lafiya lau. In ya gaza, a ƙara kanwa. In ya haura, ta yi yawa, a dakata.

Wata biyu ke nan Alhaji na samun sha ɗaya, sha biyu. Sai ya rufe kwalbar ƙarin kanwar ya ajiye a kabad, yana aika wa Nabiha saƙo cewa komai daidai. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne hazon da ya fara rufe masa ido. Ba ganin canjin yake ba, ɗigawa kawai yake har zuciyarsa ta ce ya isa. Shi da ya koya wa rabin Kano wannan aikin, ya buɗe baki ya ce ba ya gane shuɗi da rawaya? Haba, ina!

Da murjanin ya fara fari daga gindi, har shi ma ya gani, sai ya nemi mai laifi. Uwa ce kusa, mai dafa musu abinci, dattijuwa daga Gama, shekararta goma sha tara a gidan. Duk Juma'a takan zaga falon da kaskon turaren wuta, kamar yadda marigayiya Hajiya ta saba. A gaban baƙi ya daka mata tsawa, ya ce hayaƙinta ne ke kashe murjanin, ƙarshen wata ta nemi wani gidan. Ta ɗauke kaskonta ta fita. Tun ranar abinci ba ya wuce masa da daɗi, amma ya dake.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Nabiha, ashe labarin turaren da korar Uwa ya riske ta. Ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa gaban tankin, ta daɗe tana kallo.

"Abba, turare ba zai yi wannan ba," ta ce. "Auna mana mu gani, kai ne gwani."

Gabansa ya faɗi. Ya ɗebi ruwan, ya matsa kusa da taga wai neman haske. Daidai nan Uwa ta shigo da kunun gyaɗa, ta ajiye, ta ja gefe ta tsaya.

"Ɗaya. Biyu. Uku." Da muryar aji yake ƙirgawa. "Huɗu. Biyar. Shida. Bakwai."

Bai tsaya ba. Ya kai tara, ya kai goma.

"Abba," Nabiha ta ce a hankali, "ya canza tun a na biyar."

Biyar! Wato wata biyu murjanin na jin yunwa, shi kuma ya kulle abincin a kabad. Kunya ta lulluɓe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya zauna a bakin kujera da kwalbar a hannu.

"Idona ne," ya ce. "Tun bara."

Nabiha ta juya ga Uwa. "Baba Uwa, ke ma ba ki sani ba?"

Uwa ta sunkuyar da kai. "Na sani, 'yar nan. Tun azumi nake ganin yana zuba shayi yana malala. Shi ya sa na daina cika masa buta. Ranar da yake awo ina shara ma na ga ruwan ya juya, shi bai tsaya ba."

"Amma da ya kore ki kika yi shiru?"

"To, a gaban baƙi zan tona masa asiri?"

Wannan ta fi tsawa zafi. Da ta yi kuka, ko ta kai ƙararsa, da ya samu abin riƙewa. Ya dubi inda take tsaye, ko fuskarta ba ya gani sosai, sai zanenta.

"Uwa, na zalunce ki. Na san ba turarenki ba ne, tun ranar na sani. Ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji."

Nabiha ta ɗauko kwalbar ƙarin daga kabad, tana cewa kaɗan-kaɗan za a riƙa sawa kullum, don in aka zuba lokaci guda sauran ma mutuwa za su yi, kuma Litinin sai asibitin ido. Bai musa ba. Ya tashi ya wanke 'yar kwalbar, ya sake ɗiban ruwa, ya miƙa hannu wajen Uwa.

"Matso nan. Ni zan ɗiga, ke ki faɗa mini."

Ta goge hannu a zane ta matso. Ya ɗiga ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

"Tsaya, Alhaji," in ji ta.

Ya tsaya.