Tsatsa a Cikin Jini

Ina mutum yake zuwa idan aka ɗauke masa hankali da allura? Ba barci ba ne, don mai barci yana juyi, yana mafarki. Ba kuma mutuwa ba ce. Ni dai ban sani ba. Dattijon da ake kira Mai Walda ma bai sani ba, shi ya sa ya ture takardar da likitar sa barci ta miƙo masa.

"Baba, ba ta tiyata ba ce," in ji ta. "Waccan ka sa hannu tun jiya. Wannan izini nake nema in auna jininka, na kafin aiki da na bayan aiki."

"Ki auna me?"

"Tsatsa."

Matarsa, da ke ninke kaya a gefen gado, ta yi dariya. "Kin zo wurin mai ita."

Likitar ta ja kujera ta zauna. Ta ce iskar da ke raya mu ita ce kuma ke cin jiki a hankali, kamar yadda take cin ƙarfe. Jiki yana da nasa kariyar, amma idan aka yanka shi, tsatsar takan fi ƙarfinsa na ɗan lokaci. Cikin magungunan sa barci, wasu ana zaton suna ƙara ta, wani kuma, fari kamar madara, yana rage ta. Ba a gama sani ba, shi ya sa take bincike.

"Ba ku gama sani ba," ya maimaita.

Shekara shida ke nan da aka yi wa wansa aiki, ya farka yana tambayar matarsa ko ita wace ce, har ya rasu bai dawo daidai ba. Ba wanda ya faɗi dalili. Mai Walda ba ya tsoron wuƙa, mutumin da ya shekara arba'in yana wasa da wuta. Tsoronsa shi ne ya farka ya zama ba shi ba ne.

"Jinina ba na gwaji ba ne, 'yata."

"To, Baba." Ta naɗe takardar. "Ko ka sa hannu ko ba ka sa ba, kulawar ɗaya ce."

Bai yarda ba. Ya san masu sana'a, ya san abin da akan yi wa aikin mai gardama.

Da hantsi aka tura shi ɗakin tiyata. Ya ga farin maganin yana bin siririn tiyo zuwa bayan hannunsa, ya ji muryar likitar sa barci a saman kansa tana cewa ya ja numfashi. Shi ke nan.

Sai fuskar matarsa, da ranar la'asar a jikin labule.

"Malam, ka gane ni?"

Ya daɗe yana kallonta, maƙogwaronsa a bushe. "Ba ke ce mai minshari shekara talatin, kina cewa ni ne ba?"

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Da likitan tiyata ya leƙo, 'yan uwa suka miƙe suna ta godiya. Da likitar sa barci ta shigo daga baya, ba wanda ya motsa. Ta duba idonsa, ta tambaye shi wace rana ce yau.

"Ina kike lokacin da ba na nan?" ya ce.

"A saitin kanka nake zaune. Awa uku. Sau biyu jininka ya sauka, muka tayar da shi."

"Jinin da aka ɗiba jiya don shirin aiki fa?"

"Ragowar tana firji. Gobe za a zubar."

"Da kin auna abinki, wa zai sani?"

"Ni," ta ce, tana gyara masa ledar ƙarin ruwa.

Ya tuna da sana'arsa. Duk ƙofar da ya ƙera, sai ya kifa ta ya shafa jan fenti a ƙasanta, inda ruwa ke kwanciya, inda mai ƙofa ba zai taɓa leƙawa ba. Abokan sana'a sun sha ce masa ɓata lokaci yake yi. A shekara arba'in ba wanda ya gode masa a kan wannan, kuma sai yau ya ga laifin ba na masu ƙofofin ba ne. Ta yaya za ka gode wa abin da aka yi maka ba ka nan?

Ta juya za ta fita.

"'Yata. Takardar nan tana aljihunki?"

Ta tsaya.

Ya zaro hannun hagu daga cikin bargo, ya miƙar da shi a kan katifa. "Ki ɗiba a wannan. Wancan duk tabon wuta ne, ba za ki ga jijiya ba."