Gyare a Akwatin Auta

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran rediyo, ban taɓa hawa jirgin sama ba sai da kiɗan 'yata Auta ya ɗora ni. Kiɗan da ni ko kiɗa ban ɗauke shi ba. Babu ganga, babu mawaƙi, sai yarinya ta tsaya bayan tebur tana murɗa maɓallai kamar mai neman tasha. Amma wasu mutane a wata ƙasa suka ga bidiyonta, suka gayyace ta bikinsu na kiɗan na'ura, suka ba ta minti arba'in ranar Asabar da ƙarfe uku. Suka ce lallai ta zo da akwatin, don shi ne ya ja hankalinsu.

Akwatin nan ni na haɗa mata shi, daga gawar rediyo uku da wata tsohuwar amfilifaya da mai ita ya manta a shagona. Da uwarta ta ce ba za a bar ta ta tafi ita kaɗai ba, sai na ce ai dama akwatina ba ya zuwa ko'ina ba ni. Na zuba sukudirebobi da dalma a jaka, muka kama hanya.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekara biyu ke nan kunnuwana suna janyewa. Na hagu ya riga ya yi sallama, na dama kuma sai an matso, sai na haɗa da kallon baki. Siraran sauti kuwa sun ɓace mini gaba ɗaya. A shago na koma gyaran abin da ido ke gani, a gida kuma in aka yi magana in gyaɗa kai. Mai gyaran rediyo ya ce ba ya ji? Na gwammace a ce na cika girman kai.

Wurin bikin wani makeken fili ne a bayan gari, ciyawa ta ko'ina, da dandamali huɗu. Sifikun da suka jera sun fi ƙofar shagona tsawo. Na ga yaro da koren gashi, na ga tsohuwa sa'ar yayata tana tsalle da gajeren wando, na ce lallai duniya da faɗi take. Aka ɗaura mana wani zare a hannu kamar marasa lafiya a asibiti, aka kai mu wata rumfa a bayan ƙaramin dandamali.

Mai kula da dandamalin wata doguwar mata ce mai furfura, da rediyon hannu a ƙugunta. Ƙarfe biyu da kwata ta jona akwatin a sifikar gwaji. Take na ga ta yamutsa fuska. Na juya na ga Auta ma ta dafe kunne.

Matar ta yi magana da yarensu tana nuna agogo. Auta ta matso dama da ni.

“Baba, ta ce in ba a kashe ƙarar nan ba, ba za ta jona mu da manyan sifiku ba, don ƙarar za ta huda wa mutane kunne. Minti talatin ta ba mu. In ya wuce, wani za ta ɗora.”

“Wace ƙara?” na kusa cewa. Na haɗiye.

“Kana jin ta ai, kamar kukan gyare,” in ji Auta. “Ko girgizar jirgi ce ta saki wani abu?”

“Ina ji mana,” na ce. “Ƙaramin abu ne.”

Na buɗe bayan akwatin. Tun ina yaron shago, hanya ɗaya nake kama irin wannan ciwon: in bar rediyo a kunne, in bi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya da gindin sukudireba, kowanne in ƙwanƙwasa masa sau uku, in saurara. Inda kukan ya canza, nan dalma ta saki. Ido ba ya ganin tsagar, ta fi gashi sirantaka. To ga ni da sukudireba a hannu, ga maɗaura sun fi ɗari, kuma ni ban ji gyare ba, ban ji kakansa ba.

Sai na yi abin da na sha korar yara daga shago a kansa: na yi canke. Na zaɓi wani maɗauri da ya ɗan dushe, na ari ƙarfen narka dalma wajen masu wutarsu, na liƙe shi da kyau, na miƙe ina kaɗe hannu.

“Kunna,” na ce.

Ta kunna. Na dubi fuskarta don in san sakamakon aikina. Ba ta dubi akwatin ba, ni take kallo. Matar kuwa ta ɗaga yatsu, saura minti goma sha takwas.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Yarinyar nan ta bar aikin ofis saboda wannan akwati, ta sha gorin dangi, ta shekara uku tana kulle kanta a ɗaki. Ga shi an buɗe mata ƙofa, ubanta ya zo ya tsaya a bakin ƙofar da ƙaryarsa. Na ce a raina, yau ko mutuncina ya zube a ciyawar nan, sai yarinyar nan ta hau dandamali.

“Auta,” na ce, “ba na jin sa. Ba na jin komai. Na daɗe.”

Na zaci za ta firgita. Sai ta yi wata 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa.

“Haba Baba. Kai a ganinka me ya sa Mama ta dawo da kujerarta dama da kai? Har talabijin mun haƙura da ƙararta. Kowa ya sani, jira muke ka faɗa.”

“Munafukai,” na ce. “Gida guda!”

“To yanzu ya za mu yi?”

“Ki zama kunnena. Tsaya a bayana, sa hannunki a kafaɗata. Zan bi su ɗaya ɗaya. In kukan ya motsa ko yaya, ki matsa ni. Kada ki yi magana, kada ki yi mini sauri.”

Muka fara daga inda wuta ke shiga, kamar yadda aka koya mini. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, in dakata. Hannunta shiru. In matsa gaba. Gumi yana sauka cikin idona, ƙasa tana rawa ƙarƙashin gwiwoyina saboda kiɗan babban dandamali. Matar ta zo ta tsaya a kanmu, na ɗaga mata hannu ban ko dube ta ba. A shagona ma mai kaya ba ya tsaya mini a ka. Na wuce layi na farko, na wuce na biyu. Zuciyata tana ce mini in tsallake zuwa inda nake zargi, na ƙi. Canke ɗaya ya ishe ni yau.

A layi na huɗu, gindin wani ƙaramin kwandensa da na ciro daga rediyon kakarta, sai na ji farcenta ya shige mini kafaɗa.

Na sake ƙwanƙwasawa don in tabbatar. Ta sake matsawa har na ce wash. Na ɗora ƙarfen, dalma ta narke ta zauna tana sheƙi. Auta ta kunna. Ban tambayi kowa ba, na ga kafaɗun matar nan sun sauka, ta ɗauki akwatin da kanta ta yi gaba da shi.

Ƙarfe uku Auta ta hau. Mutanen ba su kai na sauran dandamalin ba, amma suna ta ƙaruwa. Wani ma'aikaci ya miƙo mini abin toshe kunne, na mayar masa da kayansa. Kafin ta fara, ta nuna mini gaban babbar sifikar dama, ta buga ƙirjinta. Na je na tsaya, na dafa katakon.

Sai abu ya daki ƙirjina. Dum, dum, dum, ya dakata. Dum, dum, dum, ya dakata. Ya bi tafin hannuna ya hau har haƙorana. Na san wannan bugun. Da shi na ciyar da gida shekara arba'in da ɗaya. Ashe sautin da take naɗa ke nan duk ranar da ta zauna a shago da wayarta tana cewa hira ta zo yi. Ta saukar da shi ƙasa, ta yi masa nauyi, har ya kai inda kurma zai same shi. Ga ɗaruruwan mutanen da ba su san sunana ba suna tsalle a kan gindin sukudirebata. Na yi kuka, ban ɓoye ba, ai babu wanda ya san ni a wurin.

Amma ina kallon hannunta na hagu yana yawo a kan ƙananan maɓallai, mutane suna ɗaga hannu suna lumshe ido a wuraren da ni ban sami komai ba. Akwai wani abu can sama da take faɗa musu, ni bugun kawai nake samu.

Da ta sauko, jiƙe da gumi, ta zagayo dama da ni.

“Yaya, Baba?”

“Maɓalli na uku, kina murɗa shi kamar famfo. Zai karye.”

Ta tuntsire da dariya. Na naɗe wayar akwatin, na ɗaure ta, na ƙi kallonta.

“In mun koma gida,” na ce, “ki raka ni wajen likitan kunnen nan da uwarki ke ta ajiye mini katinsa a aljihu. Ina so in ji sauran.”