Mama Ba Ta Jinkirin Magana

Ƙanena, wanda muke kira Injiniya duk da ko soket bai taɓa gyarawa ba, shi ya kawo majigin. Ni kuma na kawo filashin da aka juye tsohon kaset ɗin ranar da autarmu ta gama makaranta. A nan kaɗai muryar Mama ta rage mana tun rasuwarta, kuma shekara shida ke nan rabon Baba da jin ta. Idonsa ya yi rauni, hoton waya ba ya yi masa, shi ya sa muka ce a bango za mu nuna masa ita.

Muka toshe taga da bargo saboda ranar la'asar, muka kafa farin zanin gado a bangon falo. Hoton ya fito a karkace, sama faɗi ƙasa tsuke. Na cusa littattafai biyu ƙarƙashin majigin, na murza bakin gilashinsa har fuskar Mama ta fito tar. Injiniya ya haɗa sifika ta bulutut, wato ba tare da waya ba, yana hura hanci.

Mama ta buɗe baki a bango, ta rufe, sannan maganar ta biyo baya tana jan ƙafa.

Baba ya jima yana kallo. Tun da kunnensa ya yi nauyi, rabin magana a leɓe yake karanta ta. Ya laluba sandarsa.

"Ku kashe. Wannan ba ita ba ce. Uwarku ba ta taɓa jinkirin magana ba."

Raina ya ɓaci, har da tsoro, don in Baba ya tashi ya tashi ke nan.

"Yaya, sai an sabunta manhajar," in ji Injiniya.

"Sabunta kanka. Baba, don Allah minti biyu."

Na leƙa bayan majigin, na ga wata ƙaramar kafa mai zanen abin sa wa kunne. Na ruga ɗakin Mama, na jawo durowar da take tara wayoyin da muka sha yi mata tsiya a kansu. Ga siririyar wayar rediyonta, a naɗe da kyauron roba. Na kashe bulutut, na soka kai ɗaya a majigi, ɗaya a sifika, na matso da sifikar kusa da kunnensa na dama, mai ɗan sauran ji.

Na mayar da hoton zuwa farkonsa. Mama ta juyo ta dubi mai ɗauka, wato Baba, baki da murya a tare: "Malam, ka rage surutu ka riƙe abin nan daidai!"

Baba ya saki sanda, ya gyara zama kamar wanda aka kama da laifi.

"To, na riƙe," ya ce wa bango, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Na harari Injiniya, na karɓe rimot. Sau huɗu Baba ya sa na mayar masa da wurin faɗan.